Gasasshen Rogo a Oben: Ƙamas a Waje, Gari a Ciki

Kallon kitse ake wa rogo, in ji Hausawa. Duk uwargidan da ta taɓa ɓare ɗanyen rogo ta jera a tire ta tura oben kai tsaye ta ga gaskiyar maganar da idonta. Yana shiga fari tas, sumul, sai ka ce abin da zai narke a baki. Bayan minti 40 sai ya fito kamar faskare: baya ya bushe ƙarau, tsakiya tana garas-garas, ba ya tsinkuwa da cokali balle ya taunu.

Dalilin yana jikin rogon. Dankalin Turawa kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, shi ya sa yake iya dafa kansa da ruwan jikinsa a cikin oben. Rogo kuwa ruwansa bai wuce kashi 60 ba, sauran kusan duk sitaci ne, kuma sitaci ba ya nuna sai ya sha ruwa ya kumbura. Busasshen zafin oben yana ƙwace ɗan ruwan da ke akwai kafin tsakiya ta nuna. Don haka gashin rogo a tukunya yake farawa. Sai an dafa shi ya nuna, an tsane, an bar shi ya sha iska, sannan oben ya yi nasa aikin, wato ƙamar da baya. In dafuwar ta yi daidai, gashin ba ya ba da wahala. In an kuskure a wurinta, babu yawan mai ko yaji da zai rufe asiri.

Akwai kuma dalili na biyu da ya fi na ɗanɗano nauyi, za mu zo kansa a wurin tafasa.

A wajen mai rogo

Asalin rogo daga Kudancin Amurka ne, yankin Brazil, Turawan Portugal suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16. Yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa nomansa, kimanin tan miliyan 60 a shekara, jihohi irin su Binuwai da Kogi suna cikin na gaba. Amma mafi yawan wannan rogo garin kwaki ake yi da shi, da alabo, da fufu, da sitaci. Ke nan ba kowane rogo da kika gani jibge a kasuwa ne na dafawa ba. Akwai na ci, irin wanda ake tallansa dafaffe da ƙuli da yaji, akwai kuma mai ɗaci wanda sai an gurza an matse, ko an jiƙa shi kwanaki ya yi tsami, kafin ya halatta ga ciki. A ido suna kama, sai wanda ya noma ko ya saro ne zai faɗa miki. Tambaya biyu ce ba a jin kunyarta: "Malam, na ci ne ko na kwaki?" da kuma "Yaushe aka tono shi?" In ya yi inda-inda a ta farko, ki ƙara gaba.

Ta biyun ma tana da muhimmanci, domin rogo ba ya jira. Doya takan yi watanni a ajiye, shi kuwa daga kwana 2 zuwa 3 da fitowarsa daga ƙasa ya fara lalacewa. Ki sa mai rogon ya karya miki ɗaya, ko ya ɗan datse bakinsa. Cikin ya kasance fari fat, da danshi. In kika ga zane-zane baƙi ko shuɗi-shuɗi kamar an ja zare a cikin naman, ko ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, ko kika ji warin tsami, ya fara tafiya. Irin wannan ko an dafa ba ya yin gari, kuma ɗanɗanonsa ya riga ya canza. Ki duba jikinsa kuma: wanda fartanya ta sara ko ya tsage, ta nan lalacewar take fara shiga. Wanda ya yi laushi a wani gefe in an danna, a bar shi.

Girma ma abin dubawa ne. Madaidaici, mai kaurin tsintsiyar hannu, shi ya fi. Manya-manyan nan masu kaurin damtse sau da yawa sun daɗe a ƙasa, sun yi jijiya, tsakiyarsu ta koma itace. Sirara kuma ɓawo da zare ne suka cinye rabinsu. Rogon rani da na ƙarshen kaka ya fi gari. Da ruwan farko ya sauka, itacen ya shiga fitar da sabon ganye, sai ya riƙa jan sitacin da ya tara a saiwa, shi ya sa rogon farkon damina yakan yi ruwa-ruwa, wani ma ki dafa har ki gaji bai yi laushi ba.

Kina iya cin karo da rogo mai ruwan ƙwai a ciki. Irin da aka inganta ne da sinadarin bitamin A, wanda cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan suka fitar a 2011. Ya fi farin rogo ruwa a jiki, don haka bai kai shi gari ba. Tambayar dai ita ce ta ɗazu: na dafawa ne?

In ba ranar za ki dafa ba, ki ɓare shi, ki yanka, ki wanke, ki tsane, ki ƙulle a leda ki sa a firiza. A haka yakan yi watanni. In babu tabbacin wuta, ki sayi abin da za ki dafa yau ko gobe kawai.

Abin da za ki tanada

Na mutum 4, in ana ci da wani abu a gefe: rogo kilo 1 da ɓawonsa, wanda zai koma kamar giram 750 zuwa 800 bayan an ɓare. Ruwa lita 3. Gishiri babban cokali 1 na ruwan dafuwa. Man gyaɗa babban cokali 4, ko man gyaɗa 3 da man shanu 1 don ƙamshi. Tafarnuwa sala 4, albasa rabi, garin citta rabin ƙaramin cokali, masoro kaɗan, lemon tsami 1, sai yajin ƙuli babban cokali 2 zuwa 3. Tire mai faɗi na ƙarfe, wanda bai da dogon baki. Faɗin tiren ya fi tsadarsa amfani.

Ɓarewa da yanka

Ba a fere rogo kamar doya, ɓare shi ake yi. Ki wanke ƙasar jikinsa tukuna, ki datse kai da gindi, domin nan ne ya fi tauri da jijiya. Ki yanka shi gunduwa-gunduwa, tsawon kowace kamar yatsa, santimita 7 zuwa 8. Ki ɗauki gunduwa ki tsaga ɓawon a tsaye da bakin wuƙa, daga sama har ƙasa, sannan ki cusa tsinin wuƙar ƙarƙashin tsagar ki ɗaga, kina juya gunduwar. Sabon rogo ɓawonsa yakan salɓo gaba ɗaya kamar an cire riga. In ya manne yana gutsurewa, alama ce ya kwana biyu.

Ɓawon hawa biyu ne: siririn mai ruwan ƙasa na waje, da mai kauri na ciki, fari ko mai ɗan ja-ja. Dukansu za su tafi. Mai sauri takan kankare na waje ta bar na ciki, alhali na cikin ne ya fi ɗaukar guba, kuma in ya gasu yakan yi tauri kamar fata. Duk inda kika ga ragowarsa ko wani baƙin tabo, ki fere wurin.

Ki tsaga kowace gunduwa biyu a tsaye, ki sake tsaga kowane rabi biyu. Mai kauri sosai a raba shi shida. Abin da ake nema kaurin babban yatsa, kamar santimita 2. In ya fi haka sirantaka zai kakkarye a ruwa, kuma a oben zai bushe har ciki. In ya fi haka kauri, tsakiya za ta daɗe ba ta nuna ba. A tsakiyar rogo akwai zare mai tauri kamar igiya. Kina iya yanke shi yanzu daga kusurwar kowane yanki, ko ki bari sai an dafa, lokacin da yake zaruwa da yatsa biyu cikin sauƙi. Na biyun ya fi rage asara.

Duk wanda kika yanka ki jefa a roba mai ruwan sanyi. Ki bar shi minti 30 zuwa awa 1, sannan ki zubar da ruwan ki ɗauraye. Jiƙon yana hana shi canza launi, yana wanke sitacin da ke sa yauƙi a tukunya.

Tafasa

Kowane rogo, har na ci, yana ɗauke da wani sinadari mai suna linamarin. In an yanka ko an gurza rogon, sinadarin yakan haɗu da wani da ke jikin rogon, sai su saki gubar sayanaid. Bambancin na ci da mai ɗaci a yawa ne. Ƙa'idar abinci ta duniya ta Codex tana kiran rogo na ci in gubar ba ta kai miligiram 50 a kilo ɗaya ba, mai ɗaci kuwa yakan ninka haka sau da dama, kuma fari yana ƙara masa ita. A ƙasashe irin su Kongo, inda yunwa kan tilasta wa mutane cin mai ɗaci ba a gyara shi sosai ba, ana samun cutar shanyewar ƙafafu da ake kira konzo.

Abu biyu ne ke taimakonmu a nan. Linamarin yana narkewa a ruwa, ita kuma sayanaid ɗin da ta riga ta fito tana bin iska tun daga zafin digiri 26 a ma'aunin salshiyas. Daga nan ƙa'idojin dafuwar suka fito: ruwa mai yawa, yanka ƙanana, tukunya a buɗe, ruwan dafuwa kuma a zubar. Gashi shi kaɗai ba ya yin wannan aiki, don babu ruwan da zai janye sinadarin. Turarawa a madambaci ma haka. Kada kuma a ce za a yi miya ko a dama wani abu da ruwan rogo don gudun asara.

Ki zuba rogon a babbar tukunya, ki zuba ruwan sanyi lita 3, ya sha kansa da kamar tsawon yatsa. Da ruwan sanyi ake farawa, don zafi ya ratsa waje da ciki tare. In kika jefa shi a tafasasshen ruwa, baya zai fara zubewa tsakiya tana ɗanya. Ki sa gishirin, da rabin albasa, da tafarnuwa sala 2 da kika ɗan fasa. Gishirin nan kada a rage shi. Rogo bai da wani ɗanɗano mai ƙarfi na kansa, kuma wannan ce damar da gishiri zai shiga har cikinsa. Wanda aka barbaɗa daga baya a fata yake tsayawa.

In ya tafasa ki rage wuta, ya riƙa ɓararraka a hankali. Tafasa mai ƙarfi tana sa yankunan su riƙa karo da juna suna farfashewa. Ki fara ƙirga lokaci daga tafasar: yawanci minti 15 zuwa 20 ne, amma agogo ba abin dogaro ba ne a kan rogo. Wani a minti 12 ya nuna, wani sai ya kai 30. Daga minti 10 ki fara dubawa. Alamomin uku ne. Launi ya tashi daga farin alli ya koma kamar na madara, da ɗan sheƙi. Gefuna sun fara tsattsagewa. Tsinin wuƙa ya shige har tsakiya ba tare da kin danna ba, amma in kin ɗaga yankin bai rabe biyu ba.

A nan ake bambanta shi da dankali. Dankalin da za a gasa rabin dafuwa ake masa. Rogo sai ya nuna sarai, yadda ko a haka aka ba mutum zai ci. Oben ba zai ƙarasa abin da tukunya ta bari ba.

Ko daga saiwa ɗaya suka fito, ba sa nuna tare. Na wajen gindi yakan riga na wajen kai. Ki tsaya a kansa da cokali mai huji, wanda ya yi ki tsame, ki bar sauran. Ki gutsuri ɗaya ki ɗanɗana. In kika ji ɗaci a harshe, ko wani maƙaƙi a maƙogwaro, a haƙura da tukunyar gaba ɗaya, kada a ce yaji zai ɓoye. In kuma an haura minti 35 yana nan da tauri, cikinsa yana ƙyalli kamar gilashi, irin wanda ba ya nuna ne, ƙarin itace ko gas asara ce. Wasu kan jefa 'yar kanwa don ya yi saurin laushi. Tana yi, amma in ta wuce girman ƙwayar wake sai rogon ya yi rawaya, ɗanɗanon sabulu ya fito.

Shan iska da shafa mai

Ki juye a gwagwa ya tsane, ki zare zaren tsakiya tun da zafi in ba ki cire ba, sannan ki baza shi a faranti ko tire, kada wani ya hau wani. Ki ba shi minti 10 zuwa 15 tururin ya fice. Za ki ga fatar ta bushe ta yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Abin da ake so ke nan. Rogon da aka shafa wa mai yana jiƙe, a oben turara zai yi, ya fito a sanyaye, kuma ya manne wa tire.

Tun rogon yana kan wuta ya kamata ki kunna oben, don yana buƙatar minti 15 kafin ya ɗauki zafi. Digiri 220 a ma'aunin salshiyas, wato 425 in naki na faranhait ne, ko lamba 7 a oben ɗin gas mai lambobi. Mai fanka a ciki, 200 ta isa. Ki zuba babban cokali 1 na man a tire ki sa shi ciki ya yi zafi na minti 5.

Sauran man ki haɗa shi da citta da masoro a babbar roba, ki zuba rogon, ki riƙe robar da hannu biyu ki riƙa watsa shi sama a hankali kamar mai sheƙe. Kada ki sa ludayi, zai dame. Gefunan za su ɗan farfashe su yi burɗi-burɗi, kada ki damu, waɗannan ne za su fi ƙamas. Ki duba kowane yanki ya samu mai. Rogo mashayin mai ne, kuma inda bai samu ba a oben tauri yake yi maimakon ƙamas. Mai son rage mai kada ya sauka ƙasa da babban cokali 3 a kilo.

Man shanu shi kaɗai yana da daɗi, amma in ba soyayye ba ne yana saurin ƙonewa a wannan zafi, haka ma bota. Gara a haɗa da man gyaɗa. Manja yana ba da launi mai kyau, cokali 1 daga cikin cokula 4 na man ya isa, in ya yi yawa ƙamshinsa zai danne komai.

Gashi

Ki fito da tiren mai zafi, ki jera rogon, gefen da aka yanka yana kallon ƙasa. Ki ji ya yi ɗan cuu da ya taɓa ƙarfen. Ki bar tazarar yatsa tsakanin kowanne. In tiren bai ɗauka ba, a yi sau biyu, ya fi a cunkusa. Cunkoso shi ne kuskuren da ya fi yawa bayan na dafuwa: tururin wannan yana jiƙa wancan, a ƙarshe dafaffen rogo mai maiƙo za a samu.

Ki sa a hawan tsakiya, ki rufe, ki ƙyale shi minti 15 zuwa 18 ba buɗewa. Sannan ki gwada ɗaga ɗaya. In ya saki tire da kansa, ƙasansa ya yi ruwan zuma, ki juya su duka. In ya riƙe, ki ba shi minti 3, domin ɓawon gashin in ya kafu shi ke sakin ƙarfe. Bayan juyi, minti 10 zuwa 15. Jimla tsakanin minti 25 da 35.

Kada ki jira ya yi ja kamar soyayyen dankali. Rogo a kan farinsa yake gasuwa, gefuna da kusurwoyi ne suke yin ruwan zuma. Mai jiran ya yi ja ko'ina, faskare za ta kwashe. In kin ƙwanƙwasa shi da cokali kika ji sauti busasshe, in kin matsa kuma ciki ya ba da kai, ya yi.

Yawancin oben ɗin gas na gidajenmu daga ƙasa kawai wutarsu take. A irinsu ki ɗaga tiren zuwa hawan sama da tsakiya, ki juya rogon da wuri, wajen minti 12, ki kuma juya tiren kansa gaba ya koma baya, don can ciki ya fi zafi. In ƙasa tana ƙonewa sama tana fari, ki sa wani tire wanda ba komai a hawan ƙasa ya tare harshen wutar.

Yaji da tafarnuwa

Ƙuli gyaɗa ne, tafarnuwa kuma ba ta jure zafi. Duk wanda aka sa tun farko cikinsu, kafin minti 30 ya ƙone ya yi ɗaci. Yajin ƙuli sai an fito da rogon, yana zafi mai yana tsatsa a jikinsa, a barbaɗa a girgiza. In kina son ƙamshin gasasshen ƙuli irin na tsire, ki barbaɗa rabi saura minti 4 a sauke, rabin kuma a faranti.

A Kyuba suna da wata hanya da ta dace da bakinmu. Sukan kwarara wa dafaffen rogo mai mai zafi da aka haɗa da dakakkiyar tafarnuwa da ruwan lemo mai tsami. Ga yadda za ki yi wa gasasshe: ki daka ragowar tafarnuwa sala 2 da ɗan gishiri, ki zafafa ƙarin man gyaɗa babban cokali 1 da rabi, ki sauke, ki zuba tafarnuwar ta yi rabin minti, sannan ki matsa lemon tsami ki jefa yankakken attaruhu kaɗan. A teburi ake zuba wannan, ko a ajiye a ƙaramin kwano kowa ya riƙa dangwala, don in ya zauna a jikin rogon minti 10 ƙamas ɗin ya tafi.

In babu oben

Hanyar da ake gasa kek a tukunya tana yi, sai dai rogo ya fi kek son wuta. Ki sami babbar tukunya mai kauri wadda kika haƙura da ita, ki zuba tsabtataccen yashi busasshe kaurin yatsa biyu, ki ɗora duwatsu uku ko wani ƙarfe da zai ɗaga faranti daga yashin. Ki rufe ki bar ta a kan wuta minti 15 ta yi zafi sosai. Ki sa rogon a farantin ƙarfe, shimfiɗa ɗaya, ki rufe, amma ki bar 'yar kafa a murfin don tururi ya samu hanya. In a kan gawayi kike, ki kife murfin ki zuba garwashi a kai, wuta ta zo ta sama da ƙasa. Zai ɗauki minti 35 zuwa 45, a juya sau biyu. Bai kai na oben ƙamas ba, sai dai ɗan ƙamshin hayaƙin yana biyan bashin.

A kan wayar gashi kuma, bayan an dafa an shafa mai, garwashin da ya yi toka-toka ake so, ba mai harshe ba. A yanka shi da ɗan kauri don kada ya faɗa ta ramukan, a riƙa juyawa duk minti 3 zuwa 4 har kwata ɗin awa. Mai eya-firaya, wato na'urar suya da iska mai zafi, ta sa digiri 200, minti 15 zuwa 18, ta girgiza kwandon a tsakiya.

In rogon ya dame a tukunya

Yakan faru, musamman da sabon rogo mai gari sosai: an juya baya minti 5, an dawo an tarar ya zube. Ba asara ba ce, wani abincin ne ya samu. A arewa maso gabashin Brazil suna da abincin da suke kira escondidinho, ma'ana ɗan ɓoyayye, inda ake ɓoye busasshen nama a ƙarƙashin dakakken rogo a gasa. Mu da muke da dambun nama, an gama mana rabin aiki.

Ki tsane rogon sosai, ki tsince zaren tsaf, ki murje shi da bayan ludayi ko cokali mai yatsu tun yana zafi. In ya huce dunƙulewa yake yi, ba ya murjuwa. Kada ki sa a bilenda, kada ki kirɓa a turmi. Sitacin rogo yana da danƙo, in ya sha duka zai koma kamar sakwara mai yauƙi, ko wuƙa ba ta yanka shi da kyau. Ga rogo giram 750, ki zuba man shanu ko bota babban cokali 3, da madara mai ɗumi kofi 1, a hankali kina juyawa, har ya yi laushin da zai shafu da cokali amma ba ya zuba. In ya ɗan huce ki fasa ƙwai 1 ki juya, shi ke riƙe shi in an yanka. Ki ɗanɗana gishiri kafin ƙwan ya shiga.

Ki soya albasa 1 da tattasai 1 da attaruhu, ki zuba dambun nama kofi 1 da rabi ko niƙaƙƙen nama giram 300 da aka soya ya tsotse. Dambu busasshe ne, ki yayyafa masa ruwa cokali 3 don kada ya janye danshin rogon. Ki shafa wa kwanon gashi mai, ki shimfiɗa rabin rogon, ki zuba naman, ki rufe da sauran. Ki ja layuka a saman da cokali mai yatsu, ki shafa ɗan man shanu, ko ki barbaɗa cuku in akwai. Digiri 190, minti 25 zuwa 30, har tudun layukan ya yi ruwan zuma. Ki bar shi minti 10 kafin ki yanka, in ba haka ba zai zube.

A faranti

Rogo ƙarfi ne zalla. A giram 100 sinadarin gina jiki bai kai giram 2 ba, shi ya sa wurinsa gefen faranti ne, kusa da gasasshen kifi, ko farfesun kaza, ko balangu, ko miyar ƙwai, da kwaɗon zogale ko yankakken kabeji da tumatir. Haɗin rogo da ƙuli da aka gada ma hikimarsa ke nan, ƙulin ne ke cike giɓin. Mai ciwon suga ya ɗauke shi a matsayin tuwo ko shinkafa, ba abin taɓa ka lashe da za a ƙara a kansu ba.

In bayan cin rogo, kowane iri, wani a gida ya fara jiri, ko ciwon kai, ko amai, ko kasala mai tsanani cikin 'yan awoyi, musamman yaro, a tafi asibiti nan take, a kuma faɗa musu rogo aka ci.

Da zafinsa ake cinsa, cikin minti 15 da saukewa, domin yana hucewa yana tauri. Don haka in baƙi ake jira, a dafa tun da wuri a baza ya huce, ko ma tun jiya a sa a firji, a bar gashin sai sun yi sallama. Wanda ya kwana a firji bayan dafuwa ya fi ma ƙamas, saboda fatarsa ta bushe sosai. Ragowar gasasshe yakan yi kwana 2 a firji cikin rufaffen mazubi. In za a ɗumama, a yayyafa masa ɗan ruwa da yatsu, a ɗiga mai kaɗan, a mayar oben mai digiri 200 na minti 8 zuwa 10, ko a kasko mai murfi a kan wuta kaɗan-kaɗan, a buɗe murfin a minti 2 na ƙarshe.